Golan Ustaz Ɗantsoho

Da aka sake buɗe sakandaren maza a Kalakla bayan yaƙi, Ustaz Ɗantsoho, malamin wasanni, ya je wurin mudir, shugaban makarantar, yana roƙon a bar yaransa su shiga gasar ƙwallo da makarantun Omdurman.

"Ya Ustaz, an gama maganar nan," in ji mudir. "Yara sun yi shekaru ba karatu, jarrabawa na gabansu. Kuma a ina za ku buga? Rabin filin kaburburan maƙwabta ne."

"Wallahi ƙwallon ce kaɗai ke kawo wasunsu aji. In ka hana, za su watse."

Mudir bai canza magana ba.

Ba a jima ba Idi, golan yaran, ya daina zuwa makaranta. Ɗantsoho ya bi sawunsa har unguwar Alshajara, ya same shi ƙarƙashin wata mota a gareji, baƙin mai har gwiwar hannu. Ya tsuguna ya yi ta lallashinsa, ya ambaci jarrabawa, ya ambaci mahaifiyarsa. Idi ko leƙowa bai yi ba.

Can ya ce, "Ustaz, za a yi gasar?"

"Za a yi," in ji Ɗantsoho.

Ranar Lahadi, farkon makon karatu a nan, Idi ya dawo makaranta da safar hannunsa ta gola, wasu abokansa na biye da shi. Ɗantsoho ya hango su daga nesa. Ya koma ƙofar mudir ya ƙwanƙwasa, ba shi da wata sabuwar hujja da zai faɗa.