Gyaran Mawahib

A shekarar 1995 babu wanda ya san kwamfutar maɗaba'ar Hajji Salih kamar Zubairu. Maɗaba'ar tana wani lungu a Khartoum, littattafan makaranta suke bugawa, kuma Zubairu ne ya rubuta manhajar da ke jera haruffan Larabci a shafi. Kwamfutar tsohuwa ce, ƙirar 386. Sabuwa ba ta shigowa ƙasar da sauƙi a lokacin, sai a lallaɓa wadda ke hannu.

Aibin manhajar ɗaya ne, nawa. Shafi guda sai ya ci minti huɗu, in kuma wuta ta ɗauke a tsakiya a koma farko.

Sai Hajji ya ɗauki Mawahib aiki. 'Yar unguwar su Zubairu ce a Umdurman, ta gama jami'a, tare ma suke tsallako gada a motar haya kullum da safe, sojoji su leƙa su ce a wuce. Da ta cika sati uku, suna karin kumallo da ful, dafaffen waken nan na Sudan, ta ce:

"Yaya Zubairu, na ga abin da ke cinye mana lokaci."

"To, faɗa mini."

Ta jawo takarda. Ta ce ma'ajiyar kwamfutar yanki-yanki take, kowane yanki da bayaninsa a wani jadawali: inda ya fara, inda ya ƙare, da wanda aka yarje wa shiga. In aka nuna wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, wani yanki, sai ya je jadawalin ya karanto bayanin, ya bincika, ya riƙe kwafi a cikinsa. Ba ya sake komawa sai an sake nuna masa.

"Kai kuma kowane harafi sai ka nuna masa yankin rubutu, ka sauya ka nuna masa yankin siffofin haruffa, ka dawo. Kullum yana zarya. Alhali yana da gurbin da zai riƙe duka biyun. A nuna masa sau ɗaya, shi ke nan."

Layi tara ta canza a manhajar. Shafi ya fito cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu.

Hajji ya tafa hannu, ya kira masu injin buga takarda su zo su gani. "Ma sha Allah! Shekara biyar muna zaman jira, ashe maganin yana Umdurman!" Ya aika wa Sittana mai shayi ta kawo wa kowa. Zubairu ya yi murmushi tare da su, amma ya ajiye shayinsa bai sha ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya san wannan bayani. Ya karanta shi tun Mawahib tana sakandare, bai taɓa kawo shi kan aikinsa ba.

Washegari ya sami Hajji shi kaɗai a ofis.

"Hajji, gyaran nan akwai haɗari. Furosesa da kwafin da ya riƙe yake aiki. In jadawalin ya canza bai sani ba, zai ci gaba da tsohon bayani, ya dagula littafi duka."

Maganar gaskiya ce. Abin da bai faɗa ba shi ne manhajarsa ba ta taɓa jadawalin bayan ta tashi, don haka haɗarin ba zai taɓa zuwa ba.

Hajji bai san kwamfuta ba, Zubairu ya sani. Sai Hajji ya ce a mayar da manhajar yadda take a da.

Mawahib ta zo ta tsaya a kansa. "Yaya, nuna mini layin da ke canza jadawalin."

"Ba yau na fara aikin nan ba."

"Na sani. Layin kawai nake so in gani."

Bai ɗago ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce "tamam," wato shi ke nan, ta koma kujerarta.

Wata biyu suka yi a haka. Kowane shafi minti huɗu, su biyu a ɗaki ɗaya suna kallon allo, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya sani. Ta daina jiransa a tasha. Masu injin buga takarda kuwa in sun gaji da jira sai su leƙo su tambaye ta, ita, ko ba abin da za a yi, shi kuma ya ji kamar an watsa masa barkono.

Da wata masaƙa a Bahri, hayin kogi, ta neme ta, ta tafi. Ta yi sallama da kowa, har da shi, cikin ladabi.

Lokacin buɗe makarantu ya matso, aiki ya taru, Hajji ya fara faɗa. Zubairu ya buɗe manhajar ya mayar da layukan nan tara. Bai ma nemi takardarta ba, ya haddace su. Ya ce wa Hajji ya samo hanyar da ba ta da haɗari.

Hajji ya dafa kafaɗarsa. "Ai na faɗa, tsohon hannu daban ne."

Littattafai suka fita a kan kari. Daga baya Zubairu ya ji masaƙar ta ɗora Mawahib kan duk kwamfutocinta. Mahaifiyarsa ce ta ba shi labari, tana murna, ta ce ya kamata ya je ya yi mata barka tunda shi ya koya mata aiki. Ya ce zai je. Sau biyu yana kaiwa bakin layin su Mawahib ya juya.