Ƙugin Gitar Bahago

Wata bakwai maigidana ya yi yana sassaƙa gitar nan mai aiki da lantarki. Kafinta ne fa, mai kujeru da gadaje, ko gwangwani bai iya kaɗawa ba. Don yayansa ya yi ta. Yaya makaɗin gita ne a da, har ranar da ya zo taya ƙaninsa aiki, zarton inji ya ɗauke masa yatsu biyu na hagu. Shekara goma sha ɗaya bai sake taɓa tsirkiya ba. Shi ne maigida ya juya komai ya yi ta irin ta bahago, hannun dama mai lafiya ya riƙa danna tsirkiya, na hagun ya kaɗa.

Da ƙyar Yaya ya yarda ya zo ya gani, kuma motar ƙarfe huɗu zai bi ya koma. Mun san halinsa, in ya tafi bai taɓa ta ba, an gama.

Da hantsi aka jona ta da lasifika a shago. Wayyo ni! Ƙugi kawai take yi kamar tsohon firji.

Yaya na kan benci, hannunsa a aljihu. Ya ce, "Bar wahalar da kanka, ƙanena. Na ce maka ni na gama da wannan."

Maigida ya canja waya, ya kashe fanka, ya sake narka dalma a kan duk wani haɗi, gumi na ɗiga a kan katakon. Ƙugi na nan daram. Da na ga ƙarfe biyu ta wuce sai na zari mayafi na kira Baba Mai Rediyo, maƙwabcinmu.

Tsohon ya zo ya tsaya a kan gitar. Ya dafa tsirkiyoyin, ƙugi bai ragu ba. Ya taɓa bakin ƙarfen da ake soka waya, sai ɗif.

Ya ce, "Akwai 'yar wayar da ya kamata ta taɓa ƙarfen da ke riƙe tsirkiya, ita ke kwashe ƙugin. Ka sa ta?"

"Na sa, Baba, da hannuna."

Aka sassauta tsirkiyoyi, aka kwance ƙarfen. Ga bakin wayar nan kuwa, kwance yana ƙyalli a cikin man sheƙi. Shafi biyar bawan Allah ya yi, har kan wayar, har bayan ƙarfen da babu mai gani.

Baba ya yi dariya har da tari. "Kafinta dai kafinta! Wuta za ta bi ta cikin mai ne?"

Maigida ya sunkuyar da kai. "Ba na iya barin abu tsirara, Baba."

Na ce, "Ai shi ko ƙarƙashin gado sai ya shafe, wai kar ɓera ya raina aikinsa."

Da 'yar wuƙa Baba ya kankare, jan ƙarfe ya fito. Kafin a mayar a ɗaure, uku da rabi ta yi. Aka kunna lasifika, shiru. Wallahi sai da na ɗaga kai na dubi ƙwan fitila, na zaci an ɗauke wuta.

Yaya ya daɗe yana kallon gitar kafin ya miƙa hannu. Ya ɗora ta a cinya, ya danna da dama, ya ja tsirkiya ɗaya da babban yatsan hagu. Sautin ya tashi tas, ya cika shagon, ya ƙi mutuwa. Na ji shi a ƙirjina, tsikar jikina ta tashi. Katakon da na sha shanya tsumma a kansa ne ke wannan kukan? Ikon Allah! Baba ma ya manta bakinsa a buɗe.

Ya gwada kiɗa, yatsun suka harɗe. Ya sake, suka sake harɗewa. Sai ya tsaya, ya ɓata rai.

Ya ce, "Kai, tsirkiya ta uku ta yi sama da yawa. Haka kake so in riƙa fama da ita kullum? Kawo sukudireba."

Maigida ya juya yana ta lalube a kan teburin aiki, hawaye sun rufe masa ido, sukudireban kuwa na hannunsa.