Sharhin Wasan da Ba a Yi Ba

Edita ya shimfiɗa jaridar a kan tebur, ya danna yatsa a shafi na goma sha biyu.

"Karanta min nan, Malam. Da ƙarfi."

Jan Biro ya gyara tabarau ya karanta, kamar ba shi ya rubuta ba. "Jiya da Dogo ya fito dandali, zauren ya yi tsit, ko tari babu. Shekara talatin ina jiran wannan wasa daga gare shi."

"Jiya," in ji Edita, "Dogo ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin shiri, da rabin gemun roba a fuskarsa. Ko labule ba a buɗe ba. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. To, kai wane wasan ka kalla?"

Amsar ba ɓoyayya ba ce, Editan ma ya san ta. Shafin adabi da ƙarfe biyar ake rufe shi, wasa kuwa sai takwas ake farawa. Tun Jan Biro yana da baƙin gashi ya samo dabararsa: ya je gwajin ƙarshe ana gobe wasa, ya zauna shi kaɗai a layi na uku, ya rubuta sharhinsa, ya ɗora masa "jiya", ya yayyafa 'yan kallo da tafi. Ba a taɓa kama shi ba, don 'yan wasa ba su saba mutuwa tsakanin gwaji da wasa ba.

"Tun safe waya ba ta huta ba," in ji Edita. "Ka rubuta gyara, ka nemi afuwa, ka ce ba a yi wasan ba. Ya zo hannuna kafin biyar. In ba haka ba, wallahi shafin nan ya bar hannunka, kuma ba ni da bakin roƙa maka."

Jan Biro ya koma teburinsa na bayan ƙofa ya zauna. Ya lalubi baƙin ciki a ransa, bai samu ba. Ya nemi kunya, ita ma shiru. Shekara talatin yana yaga Dogo a jarida, ya ce muryarsa ta fi basirarsa girma, shi kuma Dogo duk inda suka haɗu sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, mai yankan ƙauna." Yau mutumin yana ƙarƙashin ƙasa, shi kuwa abin da ya dame shi kawai fankar sama da ke ƙara.

Ya rubuta "Muna neman afuwar masu karatu", ya tsaya yana kallon kalmomin.

Wajen huɗu da rabi wata mata ta yi sallama, idanunta sun kumbura, jaridar a naɗe a hannunta. Tsayinta kaɗai ya isa ya gaya masa 'yar wa ce. Ya miƙe ya yi mata gaisuwa, yana jiran zagin da ya cancanta.

"Baba, ba faɗa na zo yi ba," ta ce. "Mama tana kwance wata huɗu, ba ta tashi. Mun ce mata a gidan wasa ya rasu, ba mu ƙara komai ba. Da safe maƙwabciya ta karanta mata rubutunka. Sau uku ta sa aka maimaita. Yanzu duk wanda ya shigo sai ta ce masa, ya gama wasansa tukuna, har Jan Biro ya yaba. Tun da ta faɗi haka ta karɓi ruwa ta sha."

"'Yata, ƙarya na rubuta."

"Na sani. Ina wurin." Ta ciro waya ta latsa. "Ta ce lallai sai ta ji daga bakinka."

Kafin ya ce uffan wayar tana kunnensa. Muryar tsohuwar siririya ce, tana fita da ƙyar.

"Malam, kai ne? Ka sha zagin mijina."

"Na sha, Mama. Allah ya jiƙansa."

"Amin. Abu ɗaya zan tambaye ka. Wurin nan na ƙarshe, inda yake sallama da ɗansa, kullum a gida nan yake kakarewa. Ya wuce shi?"

A gwaji Dogo ya kakare a daidai wurin, har sau biyu, sai da aka raɗa masa daga bayan labule. Jan Biro ya ɗaga kai. Edita yana tsaye a bakin ƙofa, ya miƙo hannu, yana nuna masa agogo da haɓa.

"Ya wuce shi," in ji Jan Biro. "Ko tuntuɓe bai yi ba."

Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo. "To, ba ni labari. Daga farko."

Jan Biro ya jawo kujera da ƙafa, ya juya wa ƙofa baya, ya zauna.

"Da aka buɗe labule, Mama," ya ce, "shi kaɗai ne a tsaye."