Baƙon Bayan Mayafi

"Ba ni mukullin nan, Kawu," in ji Dakta Shahana, hannunta a miƙe.

Kawu Zarmast, wanda ya tsufa yana gadin asibitin ƙauyen, ya ƙara cusa mukullin cikin aljihu. "'Yata, in inji ya lalace sai a jira mai gyara. Haka muka saba."

Haka muka saba! A kwarin nan na Chitral babu cutar da ta kai wannan magana kisa. Tun makon jiya kwamfutar na'urar hoton ciki ta ƙi aiki, aka garƙame ɗakin kamar an yi rasuwa, ana zaman jiran wani ya taso daga Peshawar. Ga shi dutse ya zaftaro ya toshe hanya. A kan benci kuwa wata mata ce, Gulandam, zaune da cikin wata takwas, wanda girmansa ya wuce misali. In ba a ga kwanciyar abin da ke ciki ba yau, sai dai a ɗora ta a gadon igiya a tsallaka da ita ta kan duwatsun zuwa babban asibiti.

"Mai gyaran yana nan," Shahana ta ɗaga wayarta. "Sunansa Imtiyaz. Daga kujerarsa a Peshawar zai shiga cikin kwamfutar ya gyara."

"Ya shiga? Ta ina?"

"Ta intanet ɗin wayata. In karanta masa lambar da ta fito a allo, in danna amincewa, shi ke nan."

Tsohon ya dafe haɓa. "Namiji baƙo a ɗakin mata? Ina raye?"

"Kawu, ba ya ganin kowa! Abin da ke kan allon kaɗai yake gani."

"Wanda ya iya shigowa ba ta ƙofa ba, shi ne za ki ce ba ya gani?"

Gulandam ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Kawu, in dai zai raba ni da gadon igiya, ya shigo ko ta bututun murhu ne."

Da ƙyar da jiɓin goshi aka buɗe ɗakin. Shahana ta jingina wayar a taga, inda sabis ya fi ƙarfi, ta karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya.

"Na samu, Dakta," muryar Imtiyaz ta fito daga wayar. "Danna koren nan."

Tana dannawa 'yar kibiyar allon ta zabura, ta fara yawo ita kaɗai. Kawu ya yi salati ya ja da baya. Kafin Shahana ta ankara ya warware mayafin ulun da ke kafaɗarsa ya lulluɓe allon ruf.

Ranta ya ɓaci. Ta buɗe baki za ta zazzage masa duk abin da ta tara tun zuwanta, na kwaɗo da jira da ɓata ran marasa lafiya, sai ta ji Imtiyaz yana cewa, "Yauwa, na gano. Manhajar ce ta tsaya a tsakiyar sabuntawa. Ku ba ni ɗan lokaci."

"Kana iya aiki a haka?" ta tambaya.

"A haka kamar yaya?"

Ta dubi mayafin, ta dubi tsohon da ya harɗe hannu kamar ya kama ɓarawo. Ta haɗiye huɗubarta.

"Ba komai. Ci gaba."

Kawu ya fita, ya dawo da shayi mai gishiri da gurasa a faranti, ya ajiye a gaban kwamfutar. "Ɗana, ka yi haƙuri da mayafin," ya ce wa wayar. "Ga shayi nan. Ba a aiki a garinmu da baki a bushe."

"Allah ya saka, Baba. Na ji ƙamshinsa daga nan."

"Kin ji ko!" Kawu ya juyo a firgice. "Har hanci gare shi!"

Da Imtiyaz ya ce ya gama, Shahana ta ɗage mayafin ta kira tsohon. "Zo ka sallami baƙonka da kanka. Danna jan nan. In ka danna, ba ya iya dawowa sai mun sake ba shi lamba."

Ya danna. Kibiyar ta tsaya cik. Ya jira, ya ƙara jira, sannan ya gyaɗa kai ya fita ya ja ƙofa.

Gulandam ta kwanta. Shahana ta shafa mata mai a ciki, ta ɗora na'urar, tana kallon allon. Kai ɗaya a ƙasa, daidai inda ake so. Ta matsar da na'urar gefe kaɗan.

"Gulandam, riguna nawa kika ɗinka?"

"Me kika gani, Dakta?"

"Biyu ne. Duka kansu a ƙasa, zuciya na bugawa kamar ganga. Babu hawa gadon igiya yau. Za ki zauna kusa da ni har a buɗe hanya, mu tafi a mota."

Ihun murnar ya kai har tsakar gida. Gulandam ta shanye shayin baƙon tas, wai ai na mutum uku ne yanzu.

Da la'asar Shahana ta ji bugun guduma a ɗakin. Ta leƙa ta tarar da Kawu ya kafa ƙusa a bango kusa da kwamfutar, yana rataye mayafinsa.

"Na mene ne wannan?"

"Na baƙo," ya ce. "Injin gwajin jinin ma ya kwana biyu yana tari. Ki kira shi gobe."