Sallamar Jirgin Malam Oliver

A shekarun da mulki ya koma hannun farar hula, aka kuma ƙaddamar da Shari'a a Kano, Malam Oliver, tsohon malamin makaranta mutumin Zariya, ya sayi ɗan jirgin sama na wasa wanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. Tashin farko jirgin ya haura katangar maƙwabcinsa, Alhaji Inuwa, ya ratsa tsakar gida.

Alhaji bai yi faɗa ba. Cewa ya yi duk abin da zai shiga gidan mutane, wajibi ne ya yi sallama. Da yake jirgi ba shi da baki, sai aka ɗora wa Garba, maigadin Malam Oliver, dattijo mai ciwon gwiwa, aikin riga shi isa kowace ƙofa ya yi sallama a madadinsa.

Ana nan maganar sabon rimot ta taso. Akwai wanda na'urar aika umarninsa ke cikinsa, ƙarfinsa bai wuce layinsu ba. Akwai kuma wanda ake maƙala masa ita a baya, mai kai jirgi nesa, har unguwar Kaura Goje.

"Yallaɓai, a sayi na cikin," in ji Garba. "Abin da aka maƙala faɗuwa yake yi."

"Gwiwarka ce ke magana, Baba," in ji Madam Loretta, matar gidan. "Yanzu dimokuraɗiyya ake yi, a kaɗa ƙuri'a."

Ɗanladi kuku, wanda ya yi wa Garba alkawarin ƙuri'arsa, ya sauya sheƙa da Madam ta dube shi. Garba ya sha kaye.

Ranar gwajin sabon rimot ɗin ya tsaya ƙofar Alhaji ya yi sallama. Malam Oliver ya riƙe jirgin yana kewaya bisa mangwaron gidansa, yana jiran a gama gaisawa.

Garba ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya bi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya gangaro kan tumaki.

"Yaya ƙanen nan naka na Haɗeja?"

"Ba ni da ƙane a Haɗeja, Malam Garba."

"Ikon Allah. To yaya mutanen Haɗejan?"

"Garba, batir!" Malam Oliver ya ƙwala daga bayan katanga.

"Malam, ba a yanke gaisuwa," in ji Alhaji. Ya gyara tsayuwa, ya fara tambayar Garba nasa iyalin.

Ba su kai ga surukai ba jirgin ya yi tari, ya faɗa cikin mangwaron. Garba ya yi ban kwana a tsanake, ya tako a hankali ya koma bencinsa.