Bakin Yusha'u

Yusha'u tela ne a kasuwar Gusau, kuma tun yana saurayi yake fama da ciwon ɓarin kai. Idan zai taso, sai wani haske ya fara walƙiya a idonsa na hagu, daga nan kan ya ɗauka kamar ana sara da gatari, har ya kai shi ga amai. Ya daɗe da lura cewa fushi na tayar da ciwon, murna ma haka. Sai ya koyi danne komai. Da tafiya ta yi nisa, ko shi kansa bai san me ke ransa ba. Abin da ya sani kawai, ƙirjinsa ya yi nauyi ko wuyansa ya ƙage.

A bazarar da ƙyanda ta shiga unguwarsu, ɗansu Idris ya rasu, bai daɗe da fara tafiya ba. Ana dawowa daga maƙabarta ciwon ya kayar da Yusha'u. Ya shige ɗaki, ya ɗaure kai da tsumma, ya bar 'yan gaisuwa a ƙofar gida. Da ya samu sauƙi sai ya koma kan kekensa.

Matarsa Mairo ta zuba ido ta ga ko zai ambaci yaron. Bai yi ba. Ta tambaye shi me yake ji, ya ce kansa ne. Ta sake tambaya bayan arba'in, amsar ba ta canza ba. Sai ta ɗaure kayanta ta tafi gidan iyayenta a Rawayya.

Ya bi ta biko. Motar kaya ta sauke shi a Bungudu, ya ƙarasa da ƙafa cikin rana, yana tsara maganar da zai faɗa. Surukinsa Malam Attahiru ya tarbe shi a zaure, ya ba shi ruwa, sannan ya ce yarinyar ba ta kawo ƙarar yunwa ko duka ba, magana ɗaya take nema. Aka kira ta, ta tsuguna a bakin ƙofa.

"Baba, ni ba ni ƙin shi," in ji ta. "Shi faɗi abu guda kan ɗan nan, in san ba ni kaɗai na yi rashi ba."

Yusha'u ya buɗe baki. Yaron na nan a idonsa, yana jan zare a ƙarƙashin keke, yana dariya. Wani abu ya taso masa daga ciki, amma bai san sunansa ba, balle ya furta. Hasken ya fara a idon hagu. Ya dafe tabarma da hannu biyu, zufa na zuba, ya sake gwadawa.

"Kaina," ya ce.

Mairo ta miƙe ta koma cikin gida. Malam Attahiru ya sa aka shimfiɗa masa a inuwa har ciwon ya lafa, sannan ya ba shi haƙuri, ya ce a ba ta lokaci.

Bai koma Gusau ya zauna ba. Ya wuce Tsafe wurin Tukur, wani wanzami da aka ce ya iya ƙahon kai. Tukur ya aske masa gefen kunne, ya tsaga, ya kafa ƙaho. Yusha'u ya roƙe shi ya ƙara zurfafa askar, ko abin zai biyo jini ya fito. Wanzamin ya ƙi, ya ce jini kaɗai ya iya cirewa.

Damina ta faɗi, Mairo ba ta dawo ba. Yusha'u ya ci gaba da zuwa Rawayya duk Juma'a, ya gai da surukinsa, ya zauna a zaure har la'asar. Da kaka ta yi, Malam Attahiru ya raka shi bakin hanya, ya ce masa cikin tausayi ya daina wahalar da ƙafarsa, ya sauwaƙe wa yarinyar. Yusha'u ya ce to.