Riga Huɗu da Ɗigo Takwas

Maki ɗaya tak ya hana Auta cin jarrabawar lissafi, aka ce sai ta maimaita aji. Ummanta, wadda ta shekara ashirin tana ɗinki, ta karɓi takardar ta duba inda aka ja jan biro. Tambayar ita ce: yadi goma sha biyu, kowace riga na cin biyu da rabi, riga nawa za a ɗinka? Auta ta rubuta huɗu, saura yadi biyu. Malam ya soke, ya rubuta huɗu da ɗigo takwas.

Umma ta ja tsaki. Washegari ta naɗe yadi, ta ɗauki almakashi da tef, ta tasa Auta gaba sai makaranta.

Sun tarar da malamin lissafi yana cin abinci a kan takardun yara, maiƙo duk ya ɓata su, yana sakace da murfin biro. Umma ta daure ta gaishe shi.

"Malam, mu bi shi daki-daki," in ji ta. Ta shimfiɗa yadin a tebur, ta auna biyu da rabi, ƙyat! "Riga ɗaya." Ta sake. "Biyu, yadi biyar ya tafi. Uku, bakwai da rabi. Huɗu, goma cif." Ta ɗaga ragowar. "Wannan biyu ne, ba ya riga. Ina ɗigo takwas ɗin? Wa zai sa ta, mai hannu ɗaya?"

Malam ya yi gyatsa, ya goge yatsunsa a gefen yadin nata. Kai, wannan mutum!

"Baiwar Allah, ni ma na san haka ne. Amma takardar amsa daga sama ta zo, abin da ke ciki shi nake bi."

"Ka sani, kuma ka kayar da ita?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya jawo kwanonsa.

Umma ta tattara yankakken yadinta, ta bar masa wanda ya shafa wa maiƙo. Suka fito har suka kai bakin titi. Nan Auta ta riƙo hannunta.

"Umma, kar ki damu. Baɗi in tambayar ta sake fitowa, huɗu da ɗigo takwas zan rubuta."